Harsashi Daidai da Dabba: Ladabin Zaɓen Bindigar Farauta

A kowace shekara idan kaka ta yi a ƙasashen Amurka da Kanada da arewacin Turai, ganyen itatuwa ya fara zuba, sanyi kuma ya soma sauka, hukumomin kula da namun daji sukan buɗe lokacin farauta na waɗansu makonni ƙididdigaggu. Sai miliyoyin mutane, manoma da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da takardar izninsa a aljihu, su nufi dazuzzuka neman barewa irin ta can, wadda ta bambanta da tamu ta wajen cewa ƙahon namijinta rassa gare shi, kuma yakan faɗi duk shekara wani ya tsiro a madadinsa. A tsakanin waɗannan mafarauta akwai wata mas'ala da aka fi shekara ɗari ana muhawara a kanta, a mujallu da littattafai da wuraren hira, ita ce wane irin harsashi ya dace da barewa, wane ne kuma ya dace da dabbobin da suka fi ta girma. Mai kallo daga nesa zai ɗauka musu ne na masu son kayan ƙarfe kawai, alhali kuwa idan aka bi diddigin maganar za a tarar ta shafi haƙƙin dabba a kan wanda ya yi nufin kashe ta. Harsashin da ya gaza yakan bar dabba da rauni ta shige kurmi ta kwana tana wahala, wanda kuma ya fi ƙarfin mai harba shi yakan sa hannu ya karkace a sami irin wannan sakamakon. Manufar wannan bayani ita ce a nuna yadda masana wannan fanni suke auna lamarin, da dalilin da ya sa mizaninsu yake komawa ga abu guda, wato a kashe dabba nan take ba tare da azabtarwa ba.

Ma'anar lambobin da ke jikin harsashi

Bindigar da ake magana a kanta ita ce raifil, wadda aka yi wa cikin bututunta zane mai murɗewa, domin harsashi ya fita yana juyawa a kan kansa, wannan juyawar kuwa ita ke riƙe shi ya tafi miƙe zuwa nesa. Abin da ake ɗura mata gaɓa huɗu ne a haɗe: kwanso na farin tagulla, da albarushi a cikinsa, da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindinsa, da ƙwayar da ke fita ta sami dabba. Lambar farko da ake gani a sunan kowane harsashi tana nuna faɗin bututun, Ingilishi da Amurkawa suna aunawa da inci, Jamusawa da sauran mutanen Turai da milimita. Wanda ake kira .30-06 Springfield, alal misali, faɗinsa kashi uku ne cikin goma na inci, lambar ta biyu kuma shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka karɓe shi. Wanda ake kira 7x57 Mauser kuwa, na Jamus, faɗinsa milimita 7, tsawon kwansonsa milimita 57.

Abin da ya wajaba mai karatu ya lura da shi tun daga nan shi ne faɗi kaɗai ba ya bayyana ƙarfi. Harsasai huɗu sanannu, wato .30-30 Winchester na 1895, da .30-06, da .308 Winchester na 1952, da .300 Winchester Magnum na 1963, duka ƙwayarsu faɗinta ɗaya ne, amma kwansonsu ya sha bamban wajen yawan albarushin da yake ci. Saboda haka ƙwaya mai nauyin kusan giram 10 takan fita daga .30-30 da gudun kimanin mita 730 a daƙiƙa ɗaya, ita ɗin kuma daga .30-06 ta fita da gudun kusan mita 890. Tun da yake ƙa'idar hisabi ta tabbatar da cewa idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin bugu yakan ninka sau huɗu, wannan ɗan bambanci ya isa ya ɗaga ƙarfin daga wajen jul 2,600 zuwa wajen jul 3,800, jul kuwa shi ne ma'aunin da masana kimiyya suke auna ƙarfin bugu da shi.

Asalin wannan yalwar zaɓi yana komawa ga shekarar 1884, lokacin da wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi. Kafin nan bindigogi baƙin albarushi suke ci, irin wanda maharbanmu suka sani a bindigar toka, mai hayaƙi da yawa da gudu kaɗan, don haka dole a dogara ga ƙatuwar ƙwayar dalma mai nauyi. Da sabon albarushi ya samu, sai ya yiwu a harba siririyar ƙwaya mai rigar jan ƙarfe da gudun da ba a taɓa gani ba, kuma cikin shekara talatin da suka biyo baya aka fitar da da dama daga cikin harsasan da har yau ake dogara da su.

Sharaɗi na farko: girman dabba

Mafarauci nagari yakan fara da tambayar abin da zai harba, domin kalmar barewa a can ta tattara halittu masu nisan tsakani. Ƙaramar barewar Turai ba ta cika wuce kilo 30 ba, wato ba ta fi akuya ba. Barewar Amurka mai farar wutsiya namijinta yakan kai kilo 60 zuwa sama da 100. Jar barewa ta Turai takan haura kilo 200, wadda Amurkawa suke kira elik takan haura kilo 300, ita kuwa mus, babbar cikinsu, mai zama a dazuzzukan Kanada da Alaska da Suwidin, namijinta yakan kai rabin tan ko fiye. A ma'aunin dajinmu, tazarar nan ta yi daidai da wadda ke tsakanin gada da mazo da gwanki da ɓauna.

Ga barewa matsakaiciya, an daɗe da yin ittifaƙi cewa .243 Winchester, wanda ya fito a 1955 da ƙwaya mai giram shida da rabi, shi ne mafi ƙanƙantar abin da hankali zai natsu da shi, kuma saboda sauƙin shurinsa shi ake fara ba matasa da duk wanda jikinsa ba shi da nauyi. Sama da shi akwai jerin harsasai da bambancinsu a jikin barewa bai taka kara ya karya ba, su ne 6.5x55 na Suwidin da Norwe na 1894, da 7x57, da .270 Winchester na 1925, wanda marubucin nan Jack O'Connor ya shafe shekaru yana yabonsa a mujallar Outdoor Life, da .308, da .30-06. Wannan na ƙarshe ya sami ɗaukaka ne domin yana karɓar ƙwaya mai sauƙi saboda barewa, ya kuma karɓi mai nauyi saboda elik da mus, ta yadda mutum mai bindiga guda zai iya wadatuwa da ita duk rayuwarsa. Waɗanda suke bin manyan dabbobi a filaye masu nisan hange sukan ƙara zuwa 7mm Remington Magnum na 1962, ko .300 Winchester Magnum, ko .338 Winchester Magnum na 1958.

Amma akwai hujja daga Suwidin da ta kamata ta sa mai gaggawar neman babba ya dakata. Mutanen wannan ƙasa suna kashe mus dubun dubata a kowace kaka, kuma shekara da shekaru da yawansu da 6.5x55 suke yi, harsashin da Ba'amurke zai ce na barewa ne kawai. Sirrin yana ga siffar ƙwayar, wadda take siririya doguwa mai nauyin giram 10, saboda haka nauyinta duka yana bin ƙaramar kafa guda, ta ratsa fata da tsoka da haƙarƙari har ta isa huhu. Ashe zurfin shiga ya fi faɗin baki muhimmanci, matuƙar dabbar tana da kaurin jiki.

Sharaɗi na biyu: ginin ƙwaya

Wannan ya kai mu ga babin da jahilcinsa ya fi yawa, wato yadda aka gina ƙwayar kanta. Ƙwayar soja an rufe kanta ruf da jan ƙarfe, takan huda ta wuce ba ta buɗe ba, ta bar ƙaramin rauni wanda dabba za ta iya gudu da shi nisa, shi ya sa dokokin ƙasashe da yawa suka hana farautar barewa da ita. Ƙwayar farauta kuwa an bar dalma a buɗe a bakinta, ko an yi mata rami, domin ta buɗe bayan ta shiga. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ƙwaya bayan an fede dabba ya san kamanninta: sau da yawa a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen ake tsintar ta, inda ƙarfinta ya ƙare, bakinta ya baje ya naɗo baya har faɗinsa ya kusa ninka na asali, gindinta kuwa yana nan lafiya da sawun zanen bututu a jikinsa. Idan aka ɗora ta a sikeli aka ga ba ta zubar da nauyi mai yawa ba, to, ta yi aikinta. Idan kuwa ɓurɓushin dalma da tsumman jan ƙarfe kawai aka samu a kan ƙashin kafaɗa, ta tarwatse tun ba ta isa inda ake bukata ba.

Irin wannan tarwatsewa ce ta faru ga wani Ba'amurke mai suna John Nosler a shekarar 1946, a lardin British Columbia na Kanada, sa'ad da ya harbi mus wanda laka ta bushe a kafaɗarsa, ƙwayoyinsa masu gudun tsiya suka riƙa fashewa ba su shiga ba. Da ya koma gida sai ya ƙago ƙwaya mai ɗaki biyu da katangar jan ƙarfe a tsakani, ɗakin gaba ya buɗe, na baya ya ci gaba da kutsawa, kuma a 1948 ya fara sayar da ita da sunan Partition. Daga baya aka sami ƙwayoyin da aka liƙe dalmarsu da rigarsu, da kuma na jan ƙarfe zalla, waɗanda kasuwarsu ta buɗe bayan an gane cewa ɓurɓushin dalma da ke saura a kayan ciki yana zama guba ga ungulaye da mikiyoyi masu cin sa. Jihar Kalifoniya ma ta haramta farauta da dalma ɗungurungum tun daga watan Yuli na 2019. Darasin da ke nan shi ne matsakaicin harsashi mai ingantacciyar ƙwaya ya fi babba mai ƙwaya rarrauna.

Sharaɗi na uku: wuri da tazara

Wanda yake farauta a kurmi mai duhu, inda da wuya ido ya wuce mita 80, ba shi da bukatar harsashi mai dogon zango, wannan ne ya sa tsohon .30-30, a cikin gajeriyar bindigar Winchester ta 1894, ya ciyar da gidaje marasa adadi a gabashin Amurka, har yau kuma bai tsufa ba. Wanda yake hawan duwatsu ko bin fili fetal shi ne yake bukatar mai gudu, domin kowace ƙwaya tun daga fitarta ƙasa take jan ta. Idan aka daidaita saitin .30-06 a kan mita 200, ƙwayarsa takan sauka kimanin taki guda a mita 300, a mita 400 kuwa saukar ta wuce kamu guda, ban da abin da iska za ta ture ta gefe. Alhali gurbin da ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa kaɗan, faɗinsa bai wuce taki guda ba. Saboda haka dattawan wannan sana'a suke ganin cewa matsawa kusa da dabba ta hanyar sanɗa da lura da iska ya fi sayen bindiga mai nisa daraja, kuma harbin da mutum ba shi da yaƙini a kansa barinsa shi ne daidai.

Sharaɗi na huɗu: mai harbin kansa

Kowace bindiga tana shurin kafaɗar mai ita daidai gwargwadon nauyin ƙwaya da gudunta da yawan albarushi, nauyin bindigar kuma yana rage shurin. A ƙiyasi, shurin .30-06 ya kai ninki biyu na .243, na .375 kuma, wanda za a yi bayaninsa a gaba, ya kusa ninki biyu na .30-06. Jikin ɗan Adam yana da ɗabi'ar gudun abin da ya taɓa cutar da shi, saboda haka wanda bindigarsa ta saba dukansa yakan koyi zabura ba da saninsa ba. Masu koyar da harbi suna da hanyar tona wannan aibi. Malamin yakan juya baya ya ɗura bindigar, wani lokaci da harsashi, wani lokaci wayam, ya miƙa wa almajirin ba tare da ya gaya masa ba. Idan aka zo kan wayam ɗin, sai a ga almajiri ya runtse ido, ya fizgi kunama, bakin bindiga ya duƙa ƙasa, alhali ba abin da ya tashi sai ƙarar ƙarfe. Wannan duƙawar da ba ta kai faɗin yatsa ba a bakin bututu, a mita 150 ita ce bambanci tsakanin huhu da tumbi. A nan ne maganar Hausawa ta linzami ya fi ƙarfin bakin kaza take tabbata, domin babu fa'ida ga makamin da mai shi yake jin tsoronsa, ga kuma tsadar harsasansa da za ta hana shi yawan gwaji.

Tarihi ya ba da shaida a kan fifikon iya saiti. W. D. M. Bell, mutumin Sikotilan wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo saboda yankin Yuganda da ya yi farauta a farkon ƙarni na ashirin, ya kashe giwa fiye da dubu, mafi yawansu da ɗan ƙaramin 7x57, bayan ya sa an tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take. Wannan kisa na neman haure ɓarna ce da ba za a yaba ba, tana cikin abubuwan da suka rage giwayen Afirka, kuma babu mai hankalin da zai shawarci kowa ya tunkari giwa da irin wannan harsashi. Abin da kawai labarin yake tabbatarwa shi ne sanin jikin dabba da natsuwar hannu suna gaba da girman makami.

Dabbobi masu haɗari da hukuncin doka

Idan aka zo ga ɓauna da zaki da makamantansu, lissafin yakan canza, domin dabbar da aka raunata tana iya juyowa kan maharbi ko kan mutanen ƙauyen da ke kusa. Saboda wannan bukata ne Otto Bock na birnin Barlin ya fitar da 9.3x62 a 1905, kamfanin Rigby ya fitar da .416 a 1911, kamfanin Holland & Holland na Landan kuma ya fitar da .375 a 1912, mai jefa ƙwaya ta giram 19 da ƙarfin da ya kusa jul 5,800. Ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka sun sanya wannan na ƙarshe, ko abin da ya yi kusa da shi, ya zama mafi ƙanƙantar abin da aka yarda a tunkari irin waɗannan dabbobi da shi.

Hukumomin Turai ma ba su bar lamarin barewa ga son ran kowa ba. Dokar barewa ta Ingila da Wales ta 1991 ta shar'anta faɗin da bai gaza inci .240 ba da ƙarfin kimanin jul 2,300 a bakin bindiga, sai dai an sassauta daga baya ga waɗansu ƙananan jinsuna biyu. Dokar farauta ta tarayyar Jamus ta nemi jul 1,000 a tazarar mita 100 saboda ƙaramar barewa, ga sauran manya kuwa faɗin milimita 6.5 da jul 2,000. Illar da aka gina waɗannan hukunce-hukunce a kanta ita ce kare dabba daga rauni marar kisa.

A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Raifil mai faɗin milimita 7.62 ko 9, ko inci .300 ko .303, an lissafa shi cikin makaman soja da aka haramta sai da iznin shugaban ƙasa, sauran raifil na farauta suna bukatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa ta kwamishinan 'yan sandan jiha. Ga kuma gandun daji irin na Yankari inda farauta ta haramta gaba ɗaya. Saboda haka yawancin harsasan da aka ambata a sama ba kayan maharbinmu ba ne, kuma bin doka wajibi ne. Amma ƙa'idar ta shafi maharbinmu shi ma, domin wanda ya ɗirka wa gwanki ƙananan ƙwayoyin harbin zabi daga nesa ya faɗa cikin laifin da ake gudu.

Abin da shari'a ta riga ta shimfiɗa

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ma'ana. Hadisi na goma sha bakwai a cikin Arba'una na Imam Nawawi, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus, yana karantar da cewa kyautatawa wajiba ce a cikin kowane abu har da kisa da yanka, ya kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an bambanta tsakanin abin da makami ya huda da kaifinsa, wanda ya halatta, da abin da ya buge da faɗinsa ya mutu, wanda hukuncinsa na mushe ne. A kan wannan asali fuƙaha'u suka hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu, sa'an nan da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na baya, musamman na birnin Fas, suka yi fatawar halaccin abin da harsashin dalma ya kashe, domin yana hudawa ya zubar da jini fiye da kibiya, bisa sharaɗin a ambaci sunan Allah lokacin harbi, kuma idan an riski dabbar da sauran rai a yanka ta. Sun kuma karhanta farautar da ba ta da manufa sai wasa.

Idan aka tattara waɗannan duka, tertibin da ya kamata mafarauci ya bi a bayyane yake. Ya fara sanin dokar ƙasarsa da dabbar da aka halatta masa, ya zaɓi harsashin da zai iya kaiwa ga huhunta ko da ƙashi ya tare shi, ya nemi ƙwaya mai buɗewa ba tare da tarwatsewa ba, sa'an nan a cikin waɗanda suka cika wannan sharaɗi ya ɗauki mafi sauƙin shuri, ya yawaita gwaji da shi har ya san iyakar tazarar da hannunsa ba ya kuskure, ya kuma tsaya a kan wannan iyaka ko da dabbar ta tsere masa. Ran dabba amana ce da aka ba ɗan Adam iznin ɗauka saboda bukata, kuma wanda aka ba wannan izni za a tambaye shi yadda ya yi amfani da shi.